Haruffa Ɓul-ɓul da Ƙugiyar da Ta Ɓace

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya gabata na je gida Zuru, na tarar da ƙanwata tana shirin buɗe ɗan wurin sayar da kunun aya da zoɓo da cincin da dubulan a gefen hanyar da ɗalibai ke bi. Tun da aka ɗaga Kwalejin Aikin Gona ta garin ta zama Jami'ar Tarayya a shekarar 2020, irin waɗannan ƙananan sana'o'i sun yawaita, kuma kowace tana neman abin da zai ja idon mai wucewa. Ita ma ta yi nata tunanin, ta zaɓi kalma ɗaya tak ta zama sunan wurin: Ɗanɗano. Ta biya wani matashi mai tsara zane a kwamfuta ya buga mata babbar bana, ta ce tana son haruffa manya, masu ƙiba, masu kumatu, irin waɗanda in ka gan su sai ka ji kamar suna yi maka murmushi.

Ranar da aka kawo banar, aka warware ta a tsakar gida, yara suka kewaye ta suna tsalle. Ta yi kyau, ban musa ba. Launin ruwan lemo a kan fari, haruffan sun yi ɓul-ɓul kamar 'yan jarirai masu ƙoshin nono. Amma da na karanta sai na ga an rubuta "Dandano". Ƙugiya biyu sun salwanta, ta babban harafi da ta ƙarami. Na ce mata, "Ƙanwata, wannan ba sunan da kika zaɓa ba ne." Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Haba Yaya, ka fara halin naka na malaman jami'a. Ai kowa zai gane."

Wannan magana tata, "kowa zai gane", ita ce ta hana ni barci a daren, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Kafin in shiga ƙorafina, ya kamata in ba haruffan nan haƙƙinsu, domin ni masoyinsu ne tun ina yaro. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai rubutun allon shaguna ne da jikin motoci. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 ni ne ɗan aikensa: ni ke dama fenti, ni ke wanke buroshi da kananzir, ni ke riƙe masa zare idan zai daki layi da garin alli a kan kwano. Teloli, masu chemis, masu gyaran rediyo, masu niƙa, duk wurinsa suke zuwa. Direbobin gingimari da ke ɗaukar dawa da gero su bi hanyar Rijau zuwa Kontagora, ko su bi ta Dabai da Mahuta su fita Koko, su ma sukan tsayar da motocinsu kwana biyu a ƙofar rumfarsa domin a yi wa ƙeyar mota ado. Kawu bai taɓa jin sunan wani zubin haruffa na Turawa ba, amma yana da nasa rabe-raben. Akwai harafin hukuma, mai tsayuwar soja, da yake yi wa makarantu da kotuna. Akwai harafin kasuwa, mai tumbi da zagayayyun gefuna, da yake yi wa masu shayi da masu alewa. Yakan ce mini, "Ɗana, harafi mai kusurwa umurni yake bayarwa, mai kumatu kuwa gayyata yake yi. Ka san wanda za ka aika kafin ka tsoma buroshi."

Sai da na girma na shiga karatun harshe na gane cewa abin da Kawu ya sani da hannu, masana sun daɗe suna bibiyarsa da gwaji. A shekarar 1929 wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Wolfgang Köhler, ya kawo zane biyu, ɗaya mai tsinaye, ɗaya mai lanƙwashe-lanƙwashe, tare da sunaye biyu na ƙirƙira, "takete" da "baluma". Mafi yawan mutane sukan ba mai tsinaye sunan takete, su ba zagayayyen sunan baluma, ba tare da kowa ya koya musu ba. Bahaushe ba ya buƙatar a kai shi ɗakin gwaji kafin ya yarda. Duba yadda bakinmu ke cika idan mun ce ɓul-ɓul ko luɓus, da yadda yake tsukewa idan mun ce tsiriri ko ƙiris. Ido yana jin sauti kamar yadda kunne yake ganin siffa. Shi ya sa kamfanonin alewa da na madarar yara da masu makarantun rainon yara ke rububin zagayayyun haruffa.

Su ma masu sana'ar ɗab'i a ƙasashen waje sun daɗe da gano haka. A 1922 aka fitar da zubin Cooper Black a birnin Chicago na Amurka, aikin wani mai zanen haruffa, Oswald Cooper, wanda shi ma daga rubutun talla da hannu ya taso. Har yau da shi kamfanin jiragen sama na easyJet ke rubuta sunansa. A 1979 kamfanin motoci na Volkswagen ya sa aka yi masa VAG Rounded, wanda aka goge wa kowace kusurwa. A 1994 Vincent Connare ya zana wa Microsoft zubin Comic Sans, yana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci masu zane. Kuma don a tabbatar da maganar Kawu cewa kowane harafi da inda ake aikensa, a 2012 lokacin da masana kimiyya na cibiyar CERN suka sanar da duniya gagarumin bincikensu a kan ƙwayar Higgs, an nuna wani ɓangare na bayanin da Comic Sans, sai jama'a da yawa suka bar zancen kimiyyar suka koma tsegumin haruffan. An aiki ɗan wasa fadar sarki, shi ke nan.

To, ashe ƙanwata ba ta yi kuskure ba da ta nemi harafi mai fara'a domin kunun aya. Matsalar tana wani wuri.

Washegari na ɗauki banar na nufi shagon matashin da ya buga ta, ina shirye da faɗa. Na tarar da yaro mai ladabi, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya miƙe ya ba ni kujera. Da na nuna masa kuskuren, bai yi gardama ba. Ya ce, "Dokta, wallahi na san da ƙugiya ake rubuta shi. Zo ka gani." Ya buɗe kwamfutarsa, ya zaɓi wannan zubin mai ƙiba, wanda su a bakinsu suke kira "fon", ya buga kalmar daidai. Sai ga abin mamaki a fuskar na'urar: a, n da o sun fito da tumbinsu, amma a gurbin Ɗ da ɗ sai wasu 'yan akwatuna biyu fanko. Ya sauya zuwa wani zubin, sai ƙugiyoyin suka fito, amma sirara, ramammu, kamar an tsayar da sillen kara a tsakiyar buhunan masara. Ya gwada kusan goma a gabana, duk kanwar ja ce. Ya ce, "Ka gani, Dokta? Ko in ba ta mummunan allo mai daidai, ko in ba ta kyakkyawa mai kuskure. Na zaɓa mata kyakkyawa."

Faɗan da na zo da shi ya mutu a bakina, domin yaron ya fi ni gaskiya a kan abin da ke gabansa. Dalilin abin kuwa ba boyayye ba ne. Kowane zubin haruffa tarin zane-zane ne, kuma mutum ne ke zama ya zana kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Mai zanen da ke Turai ko Amurka yakan zana abin da kasuwarsa ke buƙata: haruffan Ingilishi, da 'yan alamomin da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci ke ɗorawa a kan wasula, sai ya ajiye alƙalami. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane harafinmu lambarsa, don haka kwamfuta ta san akwai ɓ da ɗ da ƙ a duniya. Sai dai sanin sunan mutum daban, samun hotonsa daban. Idan mai zubin bai zana harafin ba, na'ura takan aro shi daga wani zubin, ko ta ajiye akwati fanko. Zube-zuben rubutun littafi da na ofis da dama sun samu gyara a 'yan shekarun nan. Na ado da talla da kanun labarai, waɗanda su ne ke cika tituna, su aka bari a baya. Abin da Hausar Najeriya ke nema a wurinsu zane shida ne kacal: ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. A Nijar, inda ake rubuta ƴ a madadin 'y, su zama takwas.

Abin da ya ƙara mini takaici shi ne tuna wahalar da aka sha kafin ƙugiyar nan ta samu gindin zama. Lokacin da Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ba a da waɗannan haruffa, sai dabaru.  A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa. A wancan lokaci harafi ƙarfe ne da ake zubawa da dalma, a jera shi ɗaya-ɗaya, kuma sabon harafi yana nufin sabon zubi da sabon kashe kuɗi. Duk da haka aka yi, aka buga littattafai, aka buga Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. A shekarun 1980 ma Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta nemi taimakon shahararren mai zanen haruffa Hermann Zapf domin a samar da zubi ɗaya da zai ɗauki harsunan Najeriya. Mutanen dalma da keken rubutu sun riƙe amanar ƙugiya. Mu da muke da na'urar da ke buga hoton mutum da launi a kan leda cikin minti biyar, mu ne muka sake ta.

Yanzu bari in koma kan "kowa zai gane". Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye ba. Babban mutum da ya tashi da Hausa a bakinsa, in ya ga "daurin aure" a katin gayyata ba zai hau mota zuwa Daura ba. Ni kaina na sha aika saƙon waya babu ƙugiya ko ɗaya saboda gaggawa, kuma an gane. Muhallin magana yakan cike giɓi. Amma ba kullum ba. Fada wurin sarki ce, faɗa kuwa sai a kira 'yan sanda. Ƙasa daban, kasa daban. Baƙi su ake yi wa maraba, baki shi ake kamewa. Ƙarya abin ƙi ce, karya kuwa ko dai a karya kumallo ko ta yi haushi a bayan gida. A kanun labari, inda kalmomi huɗu ko biyar ne ke ɗauke da nauyin shafi guda, ƙugiya ɗaya tana iya juya ma'ana ta koma kishiyarta.

Sannan wane ne "kowa"? A nan ne Zuru ta bambanta da Kano ko Katsina. A ƙasarmu Hausa ita ce harshen kasuwa da tasha da filin ƙwallo, ita ke haɗa Badakkare da Bafakke da Badukke da Bakambare da Bafulatani da ɗan kudu mai shagon kayan gyara. Amma ga dubban yaranmu ba ita ce ta farko ba. Ni kaina da C'lela aka yi mini rawa a bayan mahaifiyata, Hausa a waje na tsince ta. Kunnena bai fara rarrabe ka da ƙa ba sai a rumfar Kawu. Ina tuna ranar da wani direba ya ce a rubuta masa a ƙeyar mota, "A yi haƙuri da ƙura." Kawu ya ba ni alli in fara zana masa a ƙasa, na rubuta babu lanƙwasa. Ya kira direban ya ce, "Zo ka ji abin da yaron nan ya ce kana ɗauke da shi. Wai jama'a su yi haƙuri da kura!" Aka yi ta dariya har da riƙe ciki, ni kuwa kunya ta rufe ni. Daga nan ya kama hannuna, ya lanƙwasa kan harafin, ya sa na maimaita sautin har maƙogwarona ya koya. Wannan darasi ya riga duk wani darasin furuci da na samu a aji.

Allon shago shi ne littafin farko na yaron da gidansu babu littafi. Yana karanta shi kullum a hanyar makaranta, ba tare da an sa shi ba, kuma haruffa masu kumatu su ne suka fi jan idonsa domin don shi aka yi su. Idan duk allunan garin sun gaya masa "kosai" da "dandano" da "kudi", malamin Hausa da ke da minti arba'in a aji ba zai iya rushe abin da titi ya gina ba. Kuma idan wannan ne halin Hausa, mai miliyoyin masu magana da gidajen rediyon duniya, sai a auna halin C'lela, wadda rubutunta ke buƙatar wasula masu layi a ƙarƙashi. A lokacin bikin Uhola za ka ga banoni sun cika gari, da yawansu da Turanci, ba don masu su ba sa ƙaunar harshensu ba. Sau da yawa na'urar ce ta ƙi karɓarsa da kyan gani, su kuma suka haƙura.

Ban zo da kuka kawai ba, domin akwai hanya, kuma wasu sun riga sun fara bin ta. Ƙungiyar SIL ta fitar da zubin Andika musamman domin masu koyon karatu, yana da taushin gani kuma yana ɗauke da duk haruffanmu, kyauta. Ita ce kuma ta yi zubin Alkalami domin ajami, bisa salon rubutun hannu na Kano, wanda duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san kaurinsa da cikarsa. Ashe ma harafi mai jiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Jerin Noto na Google ma yana da su. A 2024 wasu matasan Najeriya suka fitar da zube-zuben ado da aka tsara domin harsunan Afirka, cikinsu akwai Ojuju na Chisaokwu Joboson, da Danfo wanda aka samo daga rubutun jikin motocin haya na Legas. Idan rubutun danfo ya zama zubin da duniya ke saukewa, me zai hana rubutun gingimarin hanyar Kontagora?

Ga yadda tamu ta ƙare. Na ɗauki matashin nan a bayan babur muka je wurin Kawu. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, rumfar ma ta zama wurin cajin waya tun da banar leda ta kashe kasuwar fenti. Muka shimfiɗa masa banar, na yi masa bayani. Ya shafa haruffan da tafin hannu, ya ce, "Wanda ya yi waɗannan ya iya aiki, sai dai bai san mu ba." Ya sa aka kawo masa kwali da gawayi. Cikin 'yan mintoci ya zana Ɗ da ɗ masu tumbi daidai da sauran, ƙugiyar ta lanƙwaso kamar kan sandar makiyayi, kaurinta bai fi na jikin harafin ba, bai kuma gaza ba. Ya ce wa yaron, "Kada ka manna ta kamar an ɗaura wa akuya ƙaho. Daga jikin harafin take tsirowa." Yaron ya ɗauki hoton zanen da wayarsa, ya koma ya bi layin a kwamfuta. Ni na biya kuɗin sake bugawa, ƙanwata tana mita cewa da na ba ta kuɗin ta ƙara jari. Kafin in bar gari yaron ya sake komawa wurin Kawu shi kaɗai, da kwali huɗu, ya karɓo ɓ da ƙ da manyansu.

Wannan gyaran shago ɗaya ne a gari ɗaya, kuma ban ruɗi kaina cewa ya magance komai ba. Shi ya sa nake miƙa roƙo ga waɗanda hannunsu ya fi nawa tsawo. Masu jaridu da gidajen talabijin, ku gwada kowane zubin kanun labarai da kalmar "ɓoyayyen ƙarfin ɗalibai" kafin ku amince da shi. In ya gaza, ku ajiye shi komai kyansa. Masu shagunan ɗab'i, ku tanadi ko da zubi uku masu cikakkun haruffa, ku nuna wa mai saye bambancin. Mu malaman jami'a, sassan harsuna da na zane-zane da na kwamfuta suna harabar makaranta ɗaya amma ba sa gaisawa. Aikin kammala digiri guda ɗaya na haɗin gwiwa ya isa ya haifar da zubin talla na Hausa, mai fara'a, mai cikakkiyar ƙugiya. Tsofaffin masu buroshi irin su Kawu suna nan a Zuru da Yawuri da Gusau da Funtuwa, da ilimin a yatsunsu, kuma ba za su jira mu har abada ba. Ku kuma masu saye, ku ne masu kuɗin. In aka kawo muku allo babu ƙugiya, ku ce a koma a gyara, kamar yadda za ku mayar wa tela rigar da ya manta bai sa wa aljihu ba.

Ranar da zan koma bakin aiki na biya ta wurin ƙanwata in yi sallama. Sabuwar banar tana rataye, iska na kaɗa ta. 'Yarta mai shekara shida ta tsaya a ƙasa tana bin haruffan da yatsa daga nesa, ta tambaye ni me ya sa waɗannan biyun suke da ƙaho. Na ce ta faɗi sunan wurin. Ta faɗa. Na ce ta sake faɗa a hankali, ta saurari abin da harshenta ke yi a farkon kalmar. Ta gwada sau biyu, ta zaro ido, ta ruga ciki tana kiran uwarta ta zo ta ji.

Allah Ya ƙara wa Kawu lafiya, Ya sa wa sana'ar ƙanwata albarka, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da muka gada.